Manyan Gonakin Sola a Karkara: Tambayoyi da Amsoshi kan Tallafi, Aikin Yi da Filaye

Duk inda kamfani ya zo da shirin shimfiɗa farantan sola a kan fili mai faɗi, gardamar da ke biyo baya kusan iri ɗaya ce. Masu goyon baya suna maganar wuta mai arha da ayyukan yi da kuɗin haya. Masu adawa suna maganar gonakin abinci da kuɗin jama'a da ake zubawa. Kowane ɓangare yana da gaskiyar da ya riƙe, yana da kuma wadda ba ya son a taɓo. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Wace ce ake kira babbar gonar sola, kuma girmanta ya kai ina?

Tashar wuta ce da ake kafa farantanta a ƙasa, layi-layi, a sayar da wutar ga babban layin lantarki. Ta bambanta da solar da mutum ke sa wa a rufin gidansa don amfanin kansa. A ƙiyasin da masu sana'ar ke aiki da shi, kowane megawat ɗaya (ma'aunin ƙarfin wutar da tasha ke fitarwa) yana cin hekta biyu zuwa uku, idan aka haɗa da hanyoyi da shinge da wurin taransifoma. Ke nan tashar megawat 100 tana neman hekta 200 ko fiye.

Manyan cikinsu sun wuce haka nesa. Bhadla da ke jihar Rajasthan a Indiya tana da megawat 2,245 a kan fili kimanin eka 14,000. Pavagada a jihar Karnataka tana da megawat 2,050 a kan eka kusan 13,000. Benban da ke kusa da Aswan a Masar ta mamaye murabba'in kilomita kimanin 37. Wanda ya tsaya a gefe guda ba zai hango ɗaya gefen ba.

Me ya sa sai karkara? Rufin gidaje da masana'antu bai isa ba?

Dalilin kuɗi ne. Fili a karkara ya fi sauƙin samu, kuma kafa faranti dubu ɗari a wuri ɗaya ya fi arha nesa a kan hawa rufi dubu goma, kowanne da irin gininsa da mai shi da takardunsa. Wutar babbar tasha kan zo a kan rabin farashin wutar rufi, wani lokaci ƙasa da haka.

Akwai abin da mutanen gari kan rasa gane shi da farko: kamfani ba ƙasa mara kyau yake nema ba, kusanci da babban layin wuta yake nema. Jan layi na kilomita da dama yana iya cinye ribar aikin gaba ɗaya. Shi ya sa za ka ga an tsallake tsandauri can nesa an zo an nemi gona mai albarka, don kawai tana kusa da tashar rarraba wuta. Fili shimfiɗaɗɗe, wanda aka riga aka share, mai hanya, shi ne abin da manomi ke so, shi ne kuma abin da injiniya ke so.

Ana cewa sola ta fi kowace wuta arha yanzu. To me ya kawo maganar tallafi?

Wannan tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ta canza cikin shekara ashirin.

A shekarar 2000 Jamus ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanonin lantarki sayen wutar sola a kan tsayayyen farashi na tsawon shekara 20, kuma farashin farko ya kai kusan senti 50 na kuɗin Turai a kowane kilowat na awa guda. Tsada ce ta gaske. Amma kasuwar da dokar ta buɗe ta sa masana'antu, musamman a ƙasar Sin, suka shiga ƙera faranti da yawa, farashi ya yi ta faɗuwa. Hukumar IRENA, mai kula da makamashi mai sabuntawa a duniya, ta ƙiyasta cewa kuɗin samar da wuta daga manyan tashoshin sola ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2023. A 2017 an ci kwangilar wani sashe na Bhadla a kan rupi 2.44 na kuɗin Indiya kowane kilowat na awa, a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kuma an ga tayin da bai kai senti 2 na dala ba.

Saboda haka hujjar da aka kafa tun farko, cewa sabuwar fasaha ce mai bukatar a riƙa mata hannu har ta iya tafiya, ta yi rauni. Wanda ya ce a rage tallafin kai tsaye ga manyan tashoshi a ƙasashe masu rana sosai, bai yi maganar banza ba.

Sai dai abin da ake kira tallafi a yau ya kasu iri-iri. Akwai rangwamen haraji, kamar wanda Amurka ta daɗe tana bayarwa na kashi 30 cikin 100 na kuɗin gini. Akwai tabbacin farashi, kamar tsarin Birtaniya da aka fara gwanjonsa a tsakanin 2014 da 2015: a tsayar da farashi, idan kasuwa ta faɗi ƙasa da shi a cika wa kamfani, idan ta haura kamfani ya mayar da rarar. Akwai kuma fili da layin wuta da gwamnati ke tanada, kamar yadda Indiya ke yi a manyan filayenta na sola. Tashar sola kusan duk kuɗinta a ranar gini ake kashe shi, ba ta sayen mai ko gas daga baya. Don haka kuɗin ruwan da banki zai ɗora mata shi ke yanke tsadar wutarta. Tabbacin cewa za a sayi wutar shekara 15 ko 20 yana saukar da kuɗin ruwa, ko da gwamnati ba ta fitar da ko sisi ba. Irin wannan tallafin ya fi sauƙin karewa a kan kyautar kuɗi.

Masu sukar tallafin sola su ma akwai abin da sukan tsallake. A 2022 tallafin kai tsaye da gwamnatocin duniya suka ba man fetur da gas da kwal ya haura dala tiriliyan ɗaya. Babu wata hanyar samar da wuta da ta tsaya da ƙafarta ba tare da hannun gwamnati ba.

Wa ke biyan tallafin a ƙarshe?

Ko dai mai biyan haraji, ko mai biyan kuɗin wuta. Jamus ta ɗora nata a kan takardar kuɗin wuta, har ƙarin ya kai senti 6.88 a kowane kilowat na awa a 2017, alhali manyan masana'antu masu shan wuta da yawa an yi masu sassauci. Gidaje da ƙananan 'yan kasuwa suka ɗauki nauyin. A 2022 aka soke ƙarin aka mayar da nauyin kan baitulmali. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin kuɗin wuta ya fi cin aljihun talaka idan aka kwatanta da abin da yake samu, haraji kuwa ana iya karkata shi ga masu hali.

Gwamnati za ta iya janye tallafi bayan an gama gini?

Ta taɓa yi. Sifen ta ba da farashi mai tsoka a 2007, masu zuba jari suka yi tururuwa fiye da yadda aka zata, sannan daga 2010 zuwa 2014 ta yi ta zaftare abin da ta yi alkawari, har ga tashoshin da suka riga suka fara aiki. Sakamakon shi ne ƙararraki da dama a kotunan sasanta rikicin zuba jari na duniya, ta sha kaye a da yawa daga ciki. A Amurka ma dokar 2022 ta tsawaita rangwamen haraji, sai wata dokar ta 2025 ta taƙaita wa'adinsa ga wutar sola da ta iska.

Wannan ya shafi mai gona kai tsaye. Idan lissafin kamfanin da ya karɓi hayar filinka ya dogara kacokan kan tallafi, ranar da tallafin ya girgiza, hayarka ma ta girgiza.

Gaskiya ne tashar za ta kawo ayyukan yi masu yawa?

Za ta kawo, amma a tambayi: na tsawon wane lokaci?

A lokacin gini, wanda kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, wuri yakan cika da ɗaruruwan ma'aikata, a manyan ayyuka ma dubbai. Masu kafa turakan ƙarfe, masu ɗaura faranti, masu haƙa ramin waya, direbobi, masu gadi. Masu sayar da abinci da masu ba da hayar ɗaki su ma su samu. Wannan kuɗi ne na gaske, bai kamata a raina shi ba.

Da an kunna wuta sai zance ya sauya. Tashar sola ba ta da tukunyar tururi ko injin da ke ƙona mai, abin da ke motsi a cikinta kaɗan ne. A ƙasashen da ƙwadago ke da tsada, tashar megawat 100 tana iya gudana da ma'aikatan dindindin da za a ƙirga da yatsun hannu, ana kuma sa mata ido ta kwamfuta daga wani birni. Inda ƙwadago ke da arha akan ɗauki masu wankin faranti da masu yankan ciyawa da masu gadi da yawa, amma ko nan ɗin injinan share ƙura masu tafiya da kansu suna ta maye gurbin masu wanki, musamman a hamada.

Dabarar da za a lura da ita a takardun talla ita ce haɗa aikin wata shida da aikin shekara talatin a kira su duka “ayyuka”. Wani lokaci kuma a ƙara da ayyukan da aka ce za su samu a kaikaice, waɗanda babu mai iya nuna su da yatsa. Tambayar da ta dace a yi wa wakilin kamfani a taro ita ce: mutum nawa ne za su riƙa karɓar albashi a nan a shekara ta uku bayan kammala gini, kuma nawa ne daga cikinsu 'yan yankin?

Gaskiya ne sana'ar sola tana ɗauke da mutane kimanin miliyan 7 a duniya, amma fiye da rabinsu a Sin suke, inda ake ƙera sama da kashi 80 cikin 100 na kayan. A cikin sauran kuma akwai masu kafa sola a rufin gidaje. Kason ƙauyen da aka shimfiɗa tasha a bayansa ɗan kaɗan ne daga wannan adadi.

Akwai kuma lissafin da ba a cika yi ba, wato na ayyukan da suka ɓace. Hekta 200 da ake nomawa da hannu tana ciyar da 'yan ƙwadago masu yawa kowace damina. Inda noma na inji ne, mutum biyu ke riƙe da wannan faɗin, asarar ba ta da yawa. Saboda haka amsar “ayyuka sun ƙaru ko sun ragu” ta dogara da irin noman da ake yi a filin kafin kamfani ya zo.

Ana iya tilasta wa kamfani ya amfanar da mutanen wurin?

Ana iya yi, idan an rubuta tun kafin a ba da kwangila. Afirka ta Kudu ta fara shirin gwanjon makamashi a 2011, inda a zagayen farko-farko farashi ya ɗauki maki 70, sauran 30 kuma aka ware wa abubuwa kamar ɗaukar 'yan ƙasa aiki, sayen kayan cikin gida da ba al'ummar yankin hannun jari, wanda mafi ƙarancinsa kashi 2.5 cikin 100 ne. Tsarin bai rasa matsala ba. Hannun jarin al'umma galibi da bashi aka saye shi, sai ribar ta jinkirta shekaru, kuma an yi ta jayayya kan wa ke wakiltar al'ummar a kwamitin amintattu. Duk da haka alkawarin da ke cikin kwangila, mai tara idan an saɓa, ya fi wanda aka furta a bakin lasifika ranar taro.

Gonakin sola ba za su jawo ƙarancin abinci ba?

A ma'aunin ƙasa baki ɗaya, da wuya. A Birtaniya, inda wannan gardama ta yi zafi, filayen sola ba su kai rabin kashi ɗaya cikin 100 na faɗin ƙasar ba. A Amurka fiye da kashi ɗaya bisa uku na masarar da ake nomawa man mota ake yi da ita, kuma hekta ɗaya ta sola tana ba da makamashi ninkin-ba-ninkin abin da hekta ɗaya ta irin wannan masara ke bayarwa. Wanda ke tsoron yunwa saboda sola, ya kamata tsoronsa ya fara daga can.

Amma mutum ba a ma'aunin ƙasa yake rayuwa ba. Kashi ɗaya cikin dubu na faɗin ƙasa yana iya zama rabin gonakin gari guda. Kuma tunda tashoshi suna bin layin wuta, sukan taru a yanki ɗaya, wannan na bin wancan. Mutumin da ya ce garinsa ya canza kama bai yi ƙarya ba, ko da alƙaluman ƙasa sun ce abin bai taka kara ya karya ba.

To wa ke cin riba, wa ke asara?

A nan ne ainihin rikicin yake, kuma a nan aka fi yin shiru.

Mai gonar da ke da takarda a hannu yawanci yana cin riba. Hayar sola kan ninka abin da noman hatsi ke bayarwa, tana zuwa kowace shekara, ba ruwanta da fari ko faɗuwar farashi. A Pavagada, yanki mai fama da ƙarancin ruwan sama, gwamnati ba ta ƙwace fili ba. Hayarsa aka karɓa daga manoma sama da dubu biyu na tsawon shekara 28, a kan rupi 21,000 kowace eka a shekara, da ƙarin kashi 5 cikin 100 duk shekara biyu. Ga mai eka hamsin wannan arziki ne. Ga mai eka biyu taimako ne. Ga wanda ba shi da ko taku ɗaya, wanda a gonakin nan yake ƙwadago, ko wanda ke kiwon tumakinsa a kan karan da aka bari bayan girbi, babu abin da ya shigo, abin da yake ci ne ya fita.

Haka abin yake a ƙasashe masu arziki da wata siffa. Manomi ɗan haya, wanda ya shekara ashirin yana gyara ƙasar wani, yana iya wayar gari da takardar sallama saboda mai filin ya samu tayin da ya fi. Shi ba ya cikin yarjejeniyar, sunansa ma ba ya ciki.

Don haka idan aka ce “manoma sun amince” ko “manoma sun ƙi”, a tambaya waɗanne manoma. Rabuwar kai da ake gani a irin waɗannan garuruwa tana bin layin mallakar ƙasa fiye da yadda take bin ra'ayi kan sauyin yanayi. Maƙwabta biyu da suka tashi tare sukan daina gaisawa, ɗaya yana karɓar haya, ɗayan yana kallon shinge daga ƙofar gidansa.

Idan an kafa a kan filin da ba kowa, ai matsalar ta ƙare?

Kalmar “ba kowa” ita ce abin dubawa. Filin da taswirar gwamnati ta rubuta a matsayin fako ko ƙasar banza sau da yawa makiyaya ce, ko wurin itace, ko hanyar da dabbobi ke bi zuwa ruwa. A Charanka da ke jihar Gujarat, inda aka buɗe ɗaya daga cikin manyan filayen sola na farko a Indiya a 2012, makiyayan da suka saba kiwo a wurin sun rasa shi, kuma tunda ba su da takardar mallaka, maganar diyya ba ta taso masu ba. A Warzazat ta Maroko, filin kimanin hekta 3,000 da aka gina tashar sola ta Noor a kai ƙasar gamayya ce ta ƙabilun yankin, aka saye ta a kan dirhami ɗaya kowane murabba'in mita bisa hujjar cewa ba ta da amfanin noma.

Namun daji ma suna da nasu kason. A Rajasthan layukan wutar da ke fitowa daga tashoshin sola da na iska sun zama tarko ga wani babban tsuntsun daji da ya kusa ƙarewa, har Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umarni a 2021 a binne layukan a ƙasa a wasu yankuna, daga baya ta sassauta umarnin a 2024.

Filayen da babu gardama a kansu su ne tsofaffin wuraren haƙar ma'adinai, juji da aka rufe, harabar tsohuwar masana'anta, da saman wuraren ajiye motoci. Sun fi tsadar gyara, shi ya sa kamfani ba ya zuwa can da kansa. Idan har za a ci gaba da ba da tallafi, ni a ganina nan ne wurin da ya fi cancanta a karkata shi.

Ba za a iya noma da sola a fili ɗaya ba?

Ana yi. Masana biyu, Adolf Goetzberger da Armin Zastrow, sun kawo shawarar a Jamus tun farkon shekarun 1980. A Japan Akira Nagashima ya gwada ta a aikace daga 2004, ma'aikatar gona ta ƙasar kuma ta halatta ta a 2013 bisa sharaɗin kada amfanin gona ya faɗi sosai. A wani gwaji da aka fara a 2016 a Heggelbach, kudancin Jamus, an ɗaga farantan mita biyar sama don tarakta ta wuce. A shekarar da ruwa ya wadata amfanin gona ya ragu, amma a bazarar 2018 mai zafi da fari, alkama da dankali da ke ƙarƙashin inuwa sun fi na fili buɗaɗɗe.

Abin da ya fi yaɗuwa shi ne kiwon tumaki a tsakanin layuka. Suna cinye ciyawa, kamfani ya huta da yanka, makiyayi wani lokaci har biyansa ake yi. Awaki ba a cika yarda da su ba, don suna hawa faranti suna tauna waya. Shanu kuma suna bukatar a ɗaga ƙarafan sama a ƙara masu ƙarfi.

Gargaɗi ɗaya: ɗaga faranti yana ƙara tsada, don haka wasu kamfanoni suna saka tumaki goma sha a fili su kira shi noma domin samun izini. Faransa ta hango haka, dokarta ta 2023 da ƙa'idojin da suka biyo a 2024 suka tanadi cewa noma ne zai ci gaba da zama babban aikin filin, aka kuma iyakance faɗuwar amfanin gona da za a lamunta.

Ƙauyen da ke kusa zai samu wuta ko ragin kuɗinta?

Ba dole ba. Wutar tana hawa babban layi ne ta tafi inda ake saye. Sauko da ita zuwa gidajen da ke bakin shinge yana bukatar taransifoma da ƙananan layuka, wanda aikin kamfanin rarraba wuta ne. Ana iya ganin ƙauye cikin duhu yana kallon tashar da ke haska birane. Idan ana son wuta ko ragi, sai an nema a rubuce.

Akwai illa ga lafiya, ruwa ko yanayin wurin?

Faranti ba ya fitar da hayaƙi, ba ya kuma jawo rana ko hana ruwan sama. Na'urar da ke juya wutar, wato inbata, tana ɗan gunji da rana, nisa kaɗan ke kashe shi. Wani bincike a Arizona da aka wallafa a 2016 ya gano iskar da ke kan tasha ta fi ta dajin kewaye zafi da digiri 3 zuwa 4 da dare, zafin da ya tsaya a kusa da tashar.

Abin da ya fi cancantar damuwa shi ne lokacin gini. Idan aka kankare ƙasar sama aka bi ta da manyan motoci, ruwan sama yana gudu ya zaizaye ta ya cika gonakin ƙasa da laka. Sai kuma ruwan wanke faranti a wurin da mutane da dabbobi ke layi a rijiya. Tashoshin madubai masu tara zafin rana, irin sashen farko na Noor, sun fi shan ruwa nesa a kan na faranti.

Bayan shekara 30 fa? Filin zai koma gona?

Faranti yana rage ƙarfi da kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 a shekara, akan ba shi garantin shekara 25 zuwa 30. Turakan da aka soka a ƙasa ana iya zare su, ƙasar da ta huta ƙarƙashin ciyawa kuma tana iya dawowa da kyau, muddin ba a lalata ta a wurin gini ba. Sai dai manyan tashoshin da suka kai ƙarshen wa'adinsu har yanzu kaɗan ne, kuma wurin da ya riga ya samu haɗi da babban layi yana da daraja, don haka abin da ya fi yiwuwa shi ne a sauya farantan a sabunta haya. Wanda ke sa hannu ya ɗauka filin ya fita daga noma tsawon rayuwarsa.

Tarayyar Turai ta sa farantan sola cikin dokar sharar kayan lantarki tun 2012, wadda ta ɗora wa masu kawo su kasuwa nauyin kwashewa. Inda babu irin wannan doka, kariyar mai fili ita ce kuɗin ajiya na kwashe kaya, wanda kamfani zai sa a banki tun farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tashoshi suna sauya hannu sau da yawa, kuma kamfanin da ya yi murmushi a ranar sa hannu da wuya ya zama shi ne mai tashar a shekara ta 25.

Wa ke da ikon cewa a'a?

Kowace ƙasa da inda ta ajiye wannan iko. A Ingila, har zuwa ƙarshen 2025, akan kai aikin da ya wuce megawat 50 gaban minista a maimakon hukumar yanki, abin da ya sa aka yi ta ganin tashoshi masu megawat 49.9. A jihar Ohio ta Amurka dokar 2021 ta ba gundumomi ikon haramta manyan tashoshin sola da iska a yankunansu, da dama kuma sun yi amfani da shi. Italiya ta hana kafa faranti a ƙasa a kan filayen noma a 2024, ta bar ƙofa ga wanda aka ɗaga sama ana noma a ƙarƙashinsa.

Kowanne yana da farashinsa. Idan iko duka yana babban birni, mutanen wuri su ji an taka su. Idan duka yana hannun gunduma, kowa ya ce a kai wani wuri, har ma a hana mai gonar da ke son bayar da hayar filinsa don ya biya bashi.

Me ya kamata mai fili ko shugabannin al'umma su duba kafin sa hannu?

Da farko a gane cewa takardar da ake fara kawowa sau da yawa ba hayar ba ce, yarjejeniyar riƙe fili ce: kamfani ya biya ɗan kuɗi kaɗan ya ɗaure filin shekara uku zuwa biyar yana neman izini da haɗin layi, kuma yana iya fasawa, mai fili kuwa ba ya iya ba wani. Sai a duba ko kuɗin haya yana tashi tare da tsadar rayuwa, domin ƙarin da aka tsayar a kan ƙaramin kaso hauhawar farashi na iya cinye shi cikin shekara goma. A duba wa zai biya idan harajin filin ya tashi saboda ya fita daga rukunin gona. A duba hanyar ruwa da hanyar dabbobi, ko an bar masu mashiga a shingen. A nemi a rubuta yadda za a adana ƙasar sama lokacin gini, da zurfin da za a tono wayoyi a ranar kwashewa, da abin da zai faru idan an sayar da tashar ko kamfanin ya karye.

Lauyan da zai karanta takardar ya zama na mai fili ne, ko da kamfani ne zai biya kuɗinsa. Masu filaye da ke maƙwabtaka kuma su yi ciniki tare, don kamfani yana bukatar fili a haɗe, kuma wanda aka same shi shi kaɗai a gida ba ya sanin abin da aka yi wa na kusa da shi tayi. A ɓangaren al'umma, a fara da rubuta sunayen duk masu cin abinci daga filin, har da 'yan haya da 'yan ƙwadago da makiyayan da ke zuwa lokaci-lokaci, kafin a zauna maganar diyya da asusun raya gari, sannan a fayyace wa zai riƙe asusun da yadda za a riƙa karanta wa jama'a lissafinsa kowace shekara.